Yadda ake neman tallafin kuɗin bincike kan gano ciwon daji da wuri daga nan Kano

Kuɗin bincike kan gano ciwon daji, wato kansa, da wuri akwai shi, kuma mu 'yan Kano muna da abin da masu bayarwa suke nema: marasa lafiya da yawa da ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, rajistar masu ciwon daji da ke Asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma malaman BUK da za su iya tsaya maka. Amma takardun da ƙannenmu suke kawo min in duba musu, 'yan mastas da likitoci masu neman ƙwarewa da nas-nas da 'yan lab, yawanci tun a zagayen farko ake ajiye su gefe, kuma kusan a wuri ɗaya suke faɗuwa. Ba zan tsaya kan yadda ake tsara CV ba, wannan kowa ya iya.

Farko dai ka san ƙofar da ta dace da kai kafin ka ɓata wata guda kana rubutu. TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa ilimi mai zurfi, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, suna da ƙaramin tallafi na IBR da ake bi ta cikin makarantarku, da babban na NRF wanda sai ka fara tura gajeriyar takardar manufa, in ta wuce sannan a ce ka kawo cikakken furofozal. In kai ɗalibi ne to ba da sunanka za a nema ba, sai dai ka shiga ƙarƙashin supabaizanka, kuma wannan ba abin kunya ba ne, haka kowa ya fara. Akwai NICRAT a Abuja, cibiyar gwamnatin tarayya ta bincike da maganin kansa, ka riƙa leƙa shafinsu. A waje kuma UICC, ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya da ke Janiba, tana ba da tallafin zuwa wani asibiti na 'yan makonni ka koyo aiki ɗaya takamaimai ka dawo, IARC, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa, tana ɗaukar masu PhD daga ƙasashe irin namu, sannan akwai tallafin BIG Cat na ƙungiyoyin binciken kansa AACR ta Amurka da AORTIC ta Afirka, wanda don matasan masu bincike na Afirka aka yi shi. Mai son ƙaro karatu ya duba tallafin karatu na Commonwealth da na DAAD ta Jamus. Na Amurka irin na Fogarty, cibiyar gwamnatinsu mai tallafa wa binciken lafiya a ƙasashen waje, suna da kauri, amma tun 2025 dokokin tura kuɗinsu waje suka canja, ka tabbatar ƙofar a buɗe take kafin ka fara. Ni dai a wajena doka ce, wanda bai taɓa riƙe ƙaramin tallafi ya gama ya rubuta rahoto ba kada ya nemi babba.

Na biyu, tambayar binciken. Sai ka ga mutum ya cika shafi uku da alƙaluman duniya, ya faɗa mana Najeriya na samun sabbin masu kansa sama da 120,000 a shekara, alhali wanda zai karanta takardar ya fi shi sanin haka, layi biyu ya isa. Sannan taken ya zama wayar da kan mata game da sankarar mama a Arewacin Najeriya. Wannan ai ba tambaya ba ce, kuma binciken raba takardar tambayoyi a ji me mata suka sani an yi shi har an gaji. Ka matse ta. Misali Hukumar Lafiya ta Duniya a shirinta na sankarar mama na 2021 ta ce a kammala gano ciwon cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, to ka tambaya kwana nawa yake ɗauka a asibitoci biyu na cikin Kano daga ranar da ta nuna ƙullutun zuwa ranar da sakamakon naman da aka yanka ya fito, kuma a wane mataki lokacin yake zubewa. Ko ka ɗauki sankarar bakin mahaifa, tunda burin hukumar na 2030 shi ne a gwada kashi 70 na mata, kuma rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa ta, da aka fara a Najeriya a Oktoban 2023 na yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 ne, iyayensu gwaji ne kawai zai cece su: mata nawa ne za su yarda su ɗebi samfurin gwajin HPV da kansu a bayan labule maimakon a duba su da ƙarfe? Ko masu ciwon hanta nau'in B, nawa ne suke samun hoton ciki duk wata shida don a gano sankarar hanta da wuri. Irin wannan tambayar mutum ɗaya zai iya amsa ta cikin shekara ɗaya.

Na uku, kuma nan ne wallahi takardu suke mutuwa: wadda gwajin ya nuna tana da matsala, ya za ka yi da ita? Ka ɗauka kana ƙaramin asibiti a Ungogo ko Kumbotso, nas ta shafa ruwan asid ɗin nan mai kamar binega a bakin mahaifa, aka jira minti ɗaya wurin ya yi fari, kai ka rubuta a fom ɗinka ka samu lamba ɗaya a tebur. Ita kuwa baiwar Allah ga goyo a bayanta, rigakafin yaro ta kawo ba wannan ta zo yi ba, maigida bai san ma an duba ta ba, kuɗin da ke ƙulle a bakin zaninta na adaidaitar komawa gida ne. Ka miƙa mata takarda ka ce Hajiya ki je babban asibiti, to ta tafi ke nan, kuma ka bar ta da fargabar da ba ta zo da ita ba. Masu tantance takardu likitoci ne da suka yi wannan aikin, suna buɗe furofozal nan suke fara dubawa, in ba su ga amsa ba ba ruwansu da kyan Turancinka.

Don haka ka zauna ka rubuta hanyar da matar za ta bi tun daga gadon gwaji. In akwai na'urar ƙona wurin da zafi, a yi mata a ranar in ta cancanta, shi ya fi, don wadda aka ce ta dawo gobe ba lallai ta dawo ba. In sai an tura ta, wane likita ne zai karɓe ta, wace rana ce asibitinsa, wa zai biya kuɗin yanka nama da kai shi lab, wa zai kira ta in sakamako ya fito. Ka je da ƙafarka wajen shugaban sashen mata ko na tiyata ka roƙi wasiƙa mai hatimi cewa sun yarda za su karɓi waɗanda ka turo, ka maƙala ta a jikin takardarka. Ka karɓi lambar waya biyu a wajen kowace mace, tata da ta mijinta ko 'yar uwarta, saboda wayoyi da yawa a hannun maigida suke wuni. Ka sa mace ɗaya cikin ma'aikatan lafiyar unguwar wadda aikinta kawai bibiya, da alawus ɗinta da kuɗin kati. Kuma maganar maigida kada ka ɓoye ta don kana jin kunyar Turawa, ka rubuta yadda za ku zauna da mai unguwa da limami da mazajen kafin a fara, amma yardar shiga binciken ta matar ce ita kanta.

Na huɗu, izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Ka fara nemansa tun kana rubutu, yana ɗaukar lokaci. In a Malam Aminu Kano za ka yi suna da nasu kwamitin, in asibitocin jiha ne irin Murtala ko ƙananan na unguwanni sai ka bi ta Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Takardar horon ɗa'a ta TRREE kyauta ce a intanet, kada ka biya kowa ya yi maka. Takardar yarda kuma a yi ta da Hausar da ake ji, ka karanta wa wata dattijuwa a gidanku, duk inda ta ce me ke nan ka gyara, in da hali a yi kwafin ajami.

Bajet kuwa kowane layi ya zama akwai dalilinsa a cikin aikin. Kayan gwajin HPV na da tsada kuma da dala ake shigo da su, ka karɓi farashi a rubuce daga masu sayarwa ka faɗi canjin da ka yi lissafi da shi, mun ga yadda Naira ta yi tun tsakiyar 2023. Kuɗin motar matan, safar hannu, tafasa kayan aiki, man janareta ko sola don firij, duk su shiga. Laftof sabuwa dai ka haƙura da ita sai in dole. Ka tambayi ofishin bincike na makarantarku kason da suke cira, don kuɗin asusun makaranta yake shiga ba naka ba, kuma fitar da shi ba ya sauri.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike ta intanet, ka ba masu rubuta maka wasiƙar shaida mako uku aƙalla tare da kwafin takardar, ka ba wani wanda ba fanninku ɗaya ba ya karanta. Ka tura kwana biyu kafin ranar rufewa, netwok ba shi da tabbas, kuma agogon da suka rubuta nasu ne, Janiba tana gabanmu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. In ba ka samu ba ka nemi sharhin masu tantancewa in suna bayarwa, ka gyara wuraren da suka nuna ka tura wa wata ƙofar a zagaye na gaba.