Yadda ake saka Business Process Flow cikin zanen alaƙar tebura a Dynamics 365

Mutane da yawa sun ɗauka wannan layin matakan da ke saman fom ɗin kwastoma a Dynamics 365 (manhajar Microsoft ta kula da harkar kwastomomi), wato Business Process Flow, ko flow a taƙaice, ado ne kawai, alhali tun sabuntawar Disamba 2016 duk flow ɗin da ka kunna sai Dynamics ya buɗe masa tebur nasa na kansa. Shi ya sa in ka zana alaƙar teburin Lead (wanda ake sa ran zai zama kwastoma) da na Opportunity (cinikin da ake nema a ƙulla) ka bar teburin flow ɗin a waje, zanenka bai cika ba.

Da farko ka tabbatar ka kunna flow ɗin, don in yana draf babu teburin ma balle ka zana shi. Sai ka shiga make.powerapps.com ka nemo sunan teburin na ainihi, ba wanda ake gani a allo ba. Na Microsoft da ke zuwa da manhajar irin su leadtoopportunitysalesprocess ne da phonetocaseprocess, naka kuwa zai fara da harufan kamfaninku.

Daga nan ka buɗe XrmToolBox, manhajar da ta tattara tul-tul na aiki da Dynamics, ka ɗauko tul ɗin zana alaƙar tebura, ka zaɓi Lead, Opportunity, teburin flow ɗin, da processstage, wato teburin da ke ajiye matakan. Kar ka ce zaɓi duka, wallahi na taɓa yi, abin da ya fito kamar taliyar da ta cakuɗe a tukunya, sai da na goge na sake.

Nan ne aikin yake. A flow ɗin da ka ƙirƙira da kanka za ka ga filaye (wato ginshiƙan teburin) masu farawa da bpf_, misali bpf_leadid da bpf_opportunityid, duk wanda ke nuni zuwa wani tebur ka ja kibiya daga shi zuwa teburinsa, sannan filin activestageid ka kai shi processstage don shi ke nuna matakin da ciniki ya tsaya. Filin traversedpath kuma rubutu ne zalla na matakan da aka wuce, ba ya buƙatar kibiya, mutane na yawan ruɗewa a nan.

Flow ɗaya ba ya wuce tebura 5 da matakai 30, don haka in ka ga kibiyoyin bpf_ sun kai shida to ka haɗa flow biyu ne ba ka sani ba.

Sai ka kwashe zanen zuwa manhajar zane irin Visio ko draw.io, ka ba teburin flow launi daban, ka rubuta sunayen matakan, wato Qualify, Develop, Propose, Close, a gefe saboda ƴan sashen talla, su da sunan mataki suka san aikin ba da sunan tebur ba.