Yadda ake haɗa sabar finafinai ta gida da VPN ba tare da ɗaya ya toshe ɗaya ba

Abu biyu ake kira VPN, wato rufaffiyar hanyar sadarwa ta intanet, kuma rashin bambance su ne ke sa mutum ya biya kuɗin wata amma ya kasa kallon finafinansa in ya bar gida. Irin su Mullvad, Proton VPN da IVPN aikinsu ɓoye inda kake shiga daga idon kamfanin da ke ba ka intanet. WireGuard da Tailscale kuwa hanya suke buɗe maka ta komawa cikin gidanka daga nesa. Wannan ta biyun sabar finafinai take buƙata, wato kwamfutar da ke ajiye finafinanka tana aika su zuwa talabijin da waya.

Fara da manhaja. Plex ta fi kyan fuska da sauƙin girkawa, sai dai ta asusun kamfanin ake shiga, kuma tun 2025 kallon bidiyo daga wajen gida sai an biya. Emby ma tana ɓoye wasu ayyukan sai mai biya. Jellyfin, wadda aka ɓalle daga Emby a 2018, kyauta ce, asusunka yana kan kwamfutarka. In sirri ne damuwarka, ita ce zaɓi.

Girka ta a kan tsohuwar kwamfuta mai injin Intel, ka ba kwamfutar adireshin IP tsayayye a rauta, don in ya sauya duk wayoyin gidan za su neme ta su rasa. Daga burauza, rubuta adireshin ka ƙara :8096, wato lambar ƙofar da ake shiga Jellyfin ta cikinta.

Sai sunayen fayiloli, inda da yawa ke sakaci. Kowane fim ya samu foldarsa, da suna da shekara. Shirye-shirye masu dogon zango kuma a saka musu S01E01, S01E02 har ƙarshe. In ba haka ba, za ka ga hoton wani fim daban a kan naka.

Inda aka fi shan wuya shi ne sauya tsarin bidiyo. Idan talabijin ko waya ba ta gane tsarin fayil ba, sabar ce za ta riƙa juya shi nan take, fanka na ihu, hoto na tsayawa. Kunna Quick Sync a saitin Jellyfin domin sashen hoto na Intel ya ɗauki nauyin. Mai amfani da Docker, manhajar da ke gudanar da Jellyfin a cikin keɓaɓɓen akwati, sai ya miƙa wa akwatin /dev/dri, wato hanyar kaiwa ga sashen hoton, in ya manta bidiyon zai ƙi tashi gaba ɗaya. A Plex da Emby wannan aikin na kuɗi ne.

Yanzu shiga daga waje. Kada ka buɗe ƙofar 8096 ga duniya, domin kalmar sirrinka za ta riƙa tafiya a fili. Duba adireshin da rautarka ta samu daga kamfani. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, adireshi ɗaya kuke rabawa da wasu, kuma buɗe ƙofa ba zai yi aiki ba ko ka kwana kana gwadawa. Girka Tailscale a sabar da wayarka, ka shiga da asusu ɗaya, shi ke nan. In kuwa adireshin naka ne kai kaɗai, WireGuard zalla ya wadatar: ƙofa ɗaya ta UDP, yawanci 51820. A tuna, saurin aikawa na intanet ɗin gida ne ma'auni, ba na saukewa ba. Bidiyon 1080p kan nemi wajen megabit 8 zuwa 10 a daƙiƙa, don haka ka sa iyaka a saitin kallon nesa.

VPN na kuɗi fa? Mullvad ta Suwidin ba ta tambayar imel, lambar asusu mai alƙaluma 16 kawai take ba ka, Yuro 5 a wata, har tsabar kuɗi tana karɓa ta gidan waya. A Afrilun 2023 'yan sanda sun je ofishinta da takardar bincike suka fita ba su samu bayanan kowa ba. Proton VPN ta Suwizalan tana da tsarin kyauta, kuma masu biya na iya tura ƙofa, wato buɗe ƙofar da za a iya shigowa na'urarsu daga waje ta cikin VPN ɗin, abin da Mullvad da IVPN suka soke a 2023.

Matsala biyu ke biyo bayan kunna VPN na kuɗi. Da zarar ya tashi a kan sabar, talabijin ɗin falo zai daina ganinta, sai ka ba shi izinin barin na'urorin cikin gida su wuce, akwai maɓallin a saitinsa. Ta biyu, Android VPN ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kunna Tailscale zai kashe Mullvad. Mai son duka biyun ya sayi mafitar Mullvad daga cikin Tailscale, wato damar fita intanet ta hanyar Mullvad, ya zaɓe ta a wayar.