Yadda Za A Karɓi Sanin Aiki Daga Ma'aikacin Da Zai Yi Ritaya

A ƙa'ida, ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ajiye aiki idan ya yi shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 da haihuwa. Ranar tana cikin fayil ɗinsa, don haka shugaban sashe, ko a Sakatariyar Audu Bako yake ko a ƙaramar hukuma, ya soma shiri tun da saura wata shida.

A haɗa mai shirin ritayar da ƙananan ma'aikata biyu, domin idan ɗaya ne, canjin wurin aiki na iya ɗauke shi. Su riƙa zama minti 40 a mako, da safe kafin ofis ya cika.

Kada zaman ya koma lacca. A ɗauko fayil mai jiran aiki, ƙaramin ya rubuta takardar da hannunsa, babban ya gyara yana faɗin dalili. Dalilin nan shi ake nema: me ya sa akanta ke dawo da bauca (takardar biyan kuɗi), teburin wa takarda ke bi kafin ta isa ga Babban Sakatare, wace sakula (takardar umarni) ce ta soke wace. Duk a rubuta a littafi guda da zai zauna a ofis, kada a bar shi a wayar wani.

Kunya ce ta fi ɓata wannan shiri. Yaro ba ya son ya yi ta tambayar sa'an mahaifinsa, sai ya ce "na gane, ranka ya daɗe" alhali bai gane ba. Maganinta, a watan ƙarshe ƙananan su riƙe teburin gaba ɗaya, babban yana gefe, ba ya sa baki sai an tambaye shi.