Darasi na Shida: Tabar Wiwi da Maganin Asibiti

Yawancin magungunan da muke haɗiya, hanta ce take sarrafa su kafin jiki ya fitar da su. Sinadaran da ke cikin tabar wiwi su ma ta hanta suke bi, kuma suna iya rage mata saurin aiki, sai maganin da likita ya auna daidai ya taru a jini har ya wuce ƙima. Ko zuƙa aka yi, ko a shayi aka dafa ta saboda sanyin hunturun Jos, haɗarin yana nan.

Abin ya fi tsanani ga mai shan warfarin, maganin da ake bayarwa don kada jini ya daskare a jijiya. Idan wiwi ta ƙara masa ƙarfi, jini yakan tsinke fiye da yadda ake so. Mutum zai ga jini a kan asuwakinsa da safe, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko bayan gida ya fito baƙi ƙirin. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti nan take, kada ya jira ranar da aka rubuta masa a kati.

Magungunan da ke sa barci, irin su diazepam da tramadol, idan suka gamu da wiwi, jiki yakan mutu, hankali ya yi nauyi, kuma ba ƙaramar kasada ba ce mai Keke Napep ya ɗauki fasinja daga Terminus zuwa Bukuru a wannan hali. Mai shan maganin hawan jini kuwa yana iya ganin jiri idan ya miƙe tsaye, domin wiwi tana iya sa jinin ya ƙara sauka. Mai taɓin hankali kuma ciwonsa yakan tashi.

Mun san abin da ke hana mutane faɗa: kunya, da tsoron hukumar NDLEA, tun da doka ta haramta wiwi. Amma aikin likita ya wajabta masa riƙe sirrin majinyaci, kuma ba zai iya auna magani daidai ba idan an ɓoye masa gaskiya, musamman kafin tiyata, domin wanda ya saba da wiwi yakan buƙaci ƙarin allurar barci. Ya isa mutum ya ce, “Likita, ina shan wiwi, kusan sau uku a mako.” Kada kuma wani ya ajiye maganinsa da kansa don ya samu damar zuƙa, ko da na yini ɗaya ne, sai ya yi shawara da likita.