Yadda na gyara teburin R da ke nuna <span> maimakon launi

Alhamdu lillahi, teburin ya zauna. Ina haɗa shafin rahoto a R (harshen kwamfuta na nazarin bayanai) da htmltools (kunshin R mai gina shafukan yanar gizo da HTML), ina son duk makin da bai kai 40 ba ya fito ja. Sai na rubuta paste0('<span style="color:red">', maki, '</span>') na zuba cikin tags$td(). Da na buɗe fayil ɗin da save_html() ya fitar, babu ja ko kaɗan, rubutun span ɗin (alamar HTML da ya kamata ta sa launin) ne kawai ya fito ɓaro-ɓaro a cikin tebur.

Na fara zargin burauza, na share abin da ta adana. Na duba UTF-8 (tsarin adana haruffa) saboda ƙ da ɗ, lafiyarsu ƙalau.

Abin ya bayyana ne da na danna Ctrl+U na duba asalin shafin: duk inda < yake ya koma &lt;, > kuma ya koma &gt;. Ashe htmltools da gangan yake yin haka ga duk rubutun da aka ba shi, don kada bayanan waje su zama umarni.

Naɗe rubutun da HTML(), wanda ke sa htmltools ya bar shi yadda yake, yana aiki, amma ban so shi ba, tunda bayanan teburin daga fom suke zuwa, kowa na iya cusa abin da ya ga dama. Ga abin da na yi wa makin da bai kai 40 ba:

tags$td(tags$span(style = css(color = "red", font_weight = "bold"), maki))

css() da kansa yake mayar da font_weight zuwa font-weight. Layukan kuma da lapply() na jera su cikin tags$tbody(), sannan browsable() ya nuna shafin a RStudio (manhajar rubuta R) kafin in adana.