Ɗalibi mai bi a jami'ar Ingila: kafin ka rubuta maƙalarka ta farko

Ƙanena, sannu da zuwa. Ka sauka a Satumba, ana makon sababbin ɗalibai, kowace ƙungiya ta kafa teburinta. Nemi na Christian Union, ƙungiyar ɗalibai Kirista. In ka yi FCS a sakandare ko NIFES a jami'a, ba za ka ji baƙunta ba, domin NIFES da UCCF, uwar ƙungiyar Christian Union ta nan, inuwa ɗaya ta rufe su, wato IFES, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗalibai Kirista ta duniya da aka kafa a 1947. Akwai kuma Friends International, masu kai baƙin ɗalibai cin abinci gidajen masu bi. Kada kunya ta hana ka zuwa. Bari Disamba ta kama, rana ta riƙa faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ka ga yadda kewar gida take cin mutum.

Ni a aji na sha tawa wuyar. Maƙalata ta farko a kan talauci ce, na kuwa buɗe ta da aya, na kafa dukan zancena a kanta. Malamar ta ja layi a gefe, ta ce ina hujja? Kwana biyu ina cika ina batsewa, wai an taɓa mini addini. Ashe ko a jikinta abin da na gaskata. So take in kawo abin da mai bi da marar bi za su iya dubawa su auna. Ayar ce ta sa na damu da talaka tun farko, kuma har yau ita ke hana ni murɗe alƙaluma ko kwashe rubutun wani in ce nawa ne. Amma a takarda, bincike ake nema.

Wasu za su ce maka ilimin nan yana cinye bangaskiya. Ka je Kambirij ka duba ƙofar tsohon ɗakin gwaji na Cavendish, wanda masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya fara shugabanta: Zabura 111:2 ce, mai yabon manyan ayyukan Ubangiji, a sassaƙe a jikinta da Latin. Georges Lemaître, wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, fada ne na Katolika. In tambaya ta hana ka barci, cibiyar Faraday da aka buɗe a Kambirij a 2006 aikinta ke nan, kimiyya da addini. Ofishin limaman jami'arku ma a buɗe yake, ba a biyan ko sisi.

Sai batun aiki. Bizar ɗalibi ta ba mai karatun digiri awa 20 a mako lokacin zango, kuma gidajen kula da tsofaffi sun fi neman hannu ranar Lahadi. Tun ranar da za a ɗauke ka, ka faɗa musu da safe kana sujada. In ta kama dole, majami'u da yawa a garuruwan ɗalibai suna da sujadar yamma, wajen ƙarfe shida.