Babi na Bakwai: Shuka Ciyawar Ado da Taki Mai Maganin Ciyayi

Darasi na Farko

Wannan babi na 'yan'uwanmu ne masu aikin gyaran farfajiyar gidaje a arewacin Amurka, inda ake shuka ciyawar ado mai son sanyi daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da ƙasa ke da sauran ɗumi amma iska ta fara sanyi. Akwai buhun da ya haɗa taki da maganin ciyayi wuri guda, sai dai buhunan iri biyu ne, kuma a kan kantar kanti kamanninsu ɗaya.

Iri na farko an yi shi ne domin ciyawar da ta riga ta yi ƙarfi. Wani yana ɗauke da maganin da ake kira 2,4-D, wani kuma yana ɗauke da maganin da ke hana kowane iri tsirowa, bai san na maigida ba, bai san na daji ba. Idan kuka watsa shi ranar shuka, kun yi asarar irinku da guminku. Iri na biyu shi ne namu na ranar shuka, kuma za ku gane shi da kalma guda.

Ku juya buhun, ku dubi ƙasansa inda aka yi ƙananan rubutu, ku ɗora yatsa ku bi haruffan ɗaya bayan ɗaya: M, E, S, O, T, R, I, O, N, E. Wannan shi ne mesotrione, maganin da manoman masara ma ke amfani da shi. Ku rubuta haruffan nan goma a littafinku sau biyar, sannan ku sake rubuta su a 'yar takarda ku sa a aljihu kafin ku tafi kanti. Wanda bai iya ba a karon farko kada ya ji kunya, domin haruffa goma ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ya fara riƙe alƙalami da girmansa. Ku kuma dubi lambobi uku da ke jikin buhun, kamar 21-22-4. Ta tsakiya ita ce ta sinadarin da ke ƙarfafa saiwa, kuma a buhun shuka takan kasance babba.

Na faɗa, zan kuma maimaita: launin buhu ba shaida ba ne, hoton ciyawa shar a gabansa ba shaida ba ne. Na ga dattawa da gemunsu suna sayen buhu saboda kore ne kamar na bara, bayan mako uku su dawo suna cewa irin ne ba shi da kyau. Irin lafiyarsa ƙalau. Malamai, lalaci ne ya hana ku juya buhun, kuma maigidan da ya biya kuɗi ba zai saurari uzuri ba. A juya buhu, a bi haruffa da yatsa, sannan a biya.

Darasi na Biyu

Ku karce ƙasa da manjagara, ku watsa iri, sannan ku watsa takin a ranar da keken watsawa, bisa lambar saita keken da buhun ya nuna. Ku sa safar hannu, ku share ƙwayoyin da suka zuba kan siminti su koma cikin fili, sannan ku ba da ruwa domin maganin ya shiga ƙasa. Daga nan a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana, kada saman ƙasa ya bushe. Wani irin yakan tsiro cikin mako guda, wani sai ya kai mako uku ko huɗu.

Harkiya da aya, wadda a can ciyawar banza ce, za su tsiro fari fat su mutu, saboda maganin yana hana su yin kore. Idan ciyawarku ma ta ɗan yi fari, kada hankalinku ya tashi, za ta farfaɗo. Ƙarfin maganin yakan kai mako shida. Ba a sa shi a filin kiri-kiri, domin yana lahanta shi.

Darasi na Uku

Ku yi yankan farko idan ciyawa ta kai santimita 8 zuwa 10. Buhun takin nan na ciyawar da ta riga ta yi ƙarfi ba ya shiga fili sai bayan yanka na huɗu, kuma shi ma sai an juya shi an karanta.